Me ya sa masu bindiga a Amurka suke ƙin bindigar da ke gane ubangidanta?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa an ƙera wata ƙaramar bindiga wadda ba ta tashi sai a hannun mai ita, ko da yaro ya ɗauka ko ɓarawo ya sace. Amma kuma an ce masu bindiga a Amurka sun tayar da jijiyar wuya a kanta, har wasu masu shaguna suka fasa sayar da ita saboda barazanar kisa. Abin ya ɗaure mini kai. Wa zai ƙi abin da zai kare masa 'ya'yansa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, har da batun barazanar. Sai dai idan ka ɗauka cewa fasahar ce kawai mutanen nan suke ƙi, ba za ka fahimci rigimar ba. Galibin faɗan a kan tilas ake yinsa. Wata doka da jihar New Jersey ta kafa a 2002 ita ce ta mai da duk mai shagon da ya fara ajiye irin wannan bindiga a kan kantar shagonsa tamkar wanda ya ci amanar sauran masu bindiga, kuma daga nan abin ya dagule har kusan shekara ashirin. Amma bari mu fara da ita bindigar.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A cikin bindigar ana sa wani ɗan makulli da ke tare allurar da ke dukan gindin harsashi, ko ya hana kunama aiki. Makullin ba ya buɗewa sai bindigar ta tabbatar da wanda ya riƙe ta. Hanyoyin tabbatarwar iri biyu ne. Akwai wadda ke neman wani abu da kake sanye da shi, zobe ko agogo mai aika siginar rediyo. Akwai kuma wadda ke duba jikinka kai tsaye, zanen yatsa ko fuska, har wata jami'ar fasaha a New Jersey ta taɓa yin shekaru tana gwada wadda ke gane irin matsin da hannun mutum ke yi wa mariƙin bindiga. Tunanin ma ba sabo ba ne. Tun shekarun 1970 akwai libarbar da ake gyarawa yadda ba za ta tashi ba sai mai harbi yana sanye da zoben maganaɗisu. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Amurka ta sa cibiyar bincike ta Sandia ta duba lamarin, kuma abin da ya dame su a lokacin ba yara ba ne, 'yan sanda ne da ake ƙwace wa bindiga wajen kokawa da mai laifi a harbe su da ita. Rahoton da ya fito a 1996 ya nuna babu wata fasahar da ta cika duk sharuɗɗan da ɗan sanda ke buƙata.

Abin da masu goyon baya ke hange a fili yake. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma sama da rabinsu kansu suka kashe. Tun daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Yaron da ya tsinci bindigar babansa a aljihun tebur, matashin da baƙin ciki ya rufe shi na dare ɗaya, ɓarawon da ya fasa gilashin mota ya ɗauke bindiga ya sayar a kasuwar bayan fage, duk waɗannan makullin zai iya tare su. To ina matsalar?

Tun kafin a zo maganar New Jersey, masana'antar bindiga ta ga aya a kan kamfanoni biyu. Colt ne ya fara gwadawa a ƙarshen shekarun 1990 da wani samfuri mai aiki da abin hannu, masu saye suka yi masa ca, ya watsar. Amma wanda ya fi jin jiki shi ne Smith & Wesson. A watan Maris na 2000 kamfanin, don ya kuɓuta daga ƙararrakin da birane suka shigar a kan masu ƙera bindigogi, ya sa hannu a wata yarjejeniya da gwamnatin Bill Clinton. Cikin alƙawuran da ya ɗauka har da ƙera bindiga mai gane mai ita. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta yi tir da shi, masu saye da dillalai suka ƙaurace wa kayansa, ciniki ya faɗi warwas, aka sallami ma'aikata, shugaban kamfanin ya sauka. Kamfanin Tomkins na Birtaniya, wanda ya sayi Smith & Wesson a kan dala miliyan 112 a 1987, ya rabu da shi a 2001 a kan dala miliyan 15. Duk wani mai ƙera bindiga a Amurka ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Wannan ne ya sa har yau ba ka ga ɗaya daga manyan kamfanonin ya fito da irin wannan bindiga ba, alhali ba injiniyoyi suka rasa ba.

Sai dokar New Jersey. A watan Disamba na 2002 Gwamna Jim McGreevey ya sa hannu a kanta, kuma 'yar majalisa Loretta Weinberg na cikin waɗanda suka tsaya mata. Abin da ta ƙunsa shi ne: da zarar babban lauyan jihar ya tabbatar cewa ana sayar da ƙaramar bindiga mai gane mai ita a ko'ina a faɗin Amurka, to cikin kimanin shekara uku za a haramta sayar da kowace irin sabuwar ƙaramar bindiga a New Jersey sai irin wannan. Ka lura da kalmar "ko'ina". Ba sai an sayar a New Jersey ba. Wani mai shago a Kalifoniya ko Texas, wanda bai taɓa taka jihar ba, yana iya ɗora bindiga ɗaya a kan kantar shagonsa, shi ke nan ya kunna agogon da zai rufe kasuwar ƙananan bindigogi ta jiha guda.

Waɗanda suka rubuta dokar sun zaci suna buɗe wa fasahar kasuwa ne, cewa kamfanoni za su yi rige-rigen ƙerawa tun da ga masu saye na dole suna jira. Garin neman gira aka rasa ido. Abin da suka yi shi ne ba kowane mai bindiga a ƙasar dalilin hana fasahar fitowa kwata-kwata, domin a ganinsu in ta ci New Jersey, gobe Kalifoniya ce, jibi Massachusetts. Kuma akwai wani abu a dokar da ya ƙara zuba wa wutar fetur: an cire 'yan sanda daga ciki. Masu bindiga suka ce, ashe ku ma kun san ba abin dogaro ba ce. In tana da kyau, me ya hana a fara rataya wa ɗan sanda, wanda dominsa aka fara binciken? A gaskiya wannan tambaya ce da ban taɓa jin an ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Dokar ta yi shekara goma sha biyu tana barci, sai 2014 wani kamfanin Jamus mai suna Armatix ya kawo bindigarsa iP1 Amurka. Wanda ya jagoranci ƙera ta, Ernst Mauch, ba baƙo ba ne a harkar, ya daɗe a kamfanin ƙera bindigogi na Heckler & Koch. Bindigar tana aiki ne da agogon hannu. Za ka danna lambar sirri a agogon, idan yana tsakanin inci goma da bindigar sai fitila ta nuna kore, ta tashi. In ya yi nisa ta nuna ja, ta ƙi. Kuɗinta dala 1,399, agogon kuma 399, kusan 1,800 ke nan a haɗe, a lokacin da mutum zai sami ƙaramar bindiga ƙirar Glock sabuwa dal da abin da bai kai rabin haka ba. Ga shi kuma harsashinta ɗan ƙarami ne, lamba .22, wanda aka fi amfani da shi wajen koyon saiti da harbin ƙananan dabbobi, ba wanda yawancin mutane za su zaɓa don kare kai ba.

Wurin farko da aka ce za a sayar da ita shi ne Oak Tree Gun Club, kusa da Los Angeles. Jaridar Washington Post na buga labarin, sai zagi da kiran ƙaurace wa wurin suka yi ta kwarara. Cikin 'yan kwanaki masu wurin suka kwashe duk alamar Armatix, suka ce su ba su taɓa sayar da ita ba. Matar da ke shugabantar reshen kamfanin a Amurka, Belinda Padilla, aka baza lambar wayarta da hoton adireshinta a intanet. Bayan 'yan watanni, a watan Mayu, wani mai shago a Rockville ta jihar Maryland, Andy Raymond na Engage Armament, ya ce shi zai sayar. Shi wannan mutumin ba ɗan adawa da bindiga ba ne ko kaɗan, shagonsa cike yake da manyan bindigogi. Hujjarsa ita ce 'yancin mallakar bindiga ya haɗa da 'yancin zaɓar irin wadda kake so, kuma akwai masu tsoron ajiye bindiga a gida saboda yara waɗanda wannan za ta jawo su cikin sahu. Aka yi ta kiransa a waya ana cewa za a kashe shi, za a ƙone shagon, har karensa bai tsira daga barazanar ba. Ya ɗauki bidiyo cikin fushi ya sa a Facebook, ya ce ya janye, ya kuma nemi afuwar mutanen New Jersey. Abin takaicin shi ne a ƙarshen wannan shekarar babban lauyan New Jersey ya yanke cewa iP1 ba ta ma cika ma'anar dokar ba, tun da wanda ya ƙwace ta yana iya harbawa muddin yana kusa da agogon, kamar a lokacin kokawa. Wato duk tashin hankalin nan an yi shi ne a kan bindigar da ba za ta kunna dokar ba. A shekarar da ta biyo baya Armatix ya shiga matsalar kuɗi a Jamus.

Ka sa kanka a matsayin mai shago, za ka ga lissafin ba shi da wuya. Ribar da ake samu a kan sabuwar bindiga ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke riƙe shago shi ne mutanen da ke dawowa kowane wata sayen harsashi da kayan gyara da biyan kuɗin filin harbi, kuma su ne mutanen da suka fi kowa bibiyar siyasar bindiga. Za ka ɓata da su ne saboda bindiga mai tsada da wataƙila mutum biyu za su saya a shekara? Ga tambayar wa zai gyara ta in na'urar ta lalace, tun da makerin bindigar da ke bayan shago ƙarfe da sifirin ya sani, ba lantarki ba. Ga fargabar shari'a: in ta ƙi tashi ranar da ɗan fashi ya shigo, ko ta tashi a hannun yaro bayan an ce ba za ta tashi ba, wa za a kai ƙara? Akwai ma wata fargabar ta ɓangaren masu ƙerawa, cewa da zarar fasahar ta zama ruwan dare, lauyoyi za su fara cewa duk bindigar da ba ta da ita an ƙera ta da naƙasa.

Yanzu maganar aminci, wadda a nan ne nake ganin masu bindiga suna da gaskiya fiye da yadda abokan hamayyarsu ke yarda. Kai da ka ga zaɓen 2015 ba sai an yi maka dogon bayani ba. Na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, ana kallo a talabijin. A rumfar zaɓe sai a goge yatsa a sake gwadawa, ko a cike takarda. Wanda ya farka ƙarfe biyu na dare ya ji ana ɓalle masa ƙofa ba shi da wannan sararin. Hannunsa na iya zama jiƙe da gumi ko jini, ko yana sanye da safar hannu saboda sanyi, ko ya cire agogon ya ajiye a banɗaki, ko hannun dama ya ji rauni dole ya koma hagu. Sai batir. In ya mutu, me bindigar za ta yi? In ta kulle, mai ita ya shiga uku. In ta buɗe, to ɓarawo zai jira batir ya mutu ne kawai, ko ya cire shi. Injiniya dole ya zaɓi ɗaya, kuma kowanne ya zaɓa akwai wanda zai ce bai yarda ba. Bindigar da aka saba da ita, wadda ba ta da na'ura, in ana kula da ita, tana iya harba dubban harsasai ba tare da ta cije ba, saboda haka duk abin da ka ƙara mata wata sabuwar kafa ce ta lalacewa.

A 2017 kuma wani mai binciken tsaron na'urori da ke kiran kansa Plore ya nuna a DEF CON, taron masu kutsen na'urori da ake yi a Las Vegas, yadda ake karya iP1 ta hanya uku. Ya haɗa wata 'yar na'ura da ke miƙa siginar agogon daga nesa, bindigar ta tashi alhali agogon ba ya kusa. Ya haɗa wata da ke toshe siginar, bindigar ta ƙi tashi a hannun mai ita. Ta ukun ce ta fi ba da kunya: maganaɗisun da bai wuce na dala goma sha biyar ba ya kara a gefen bindigar, ya ja ɗan ƙarfen da ke tare allurar, ta tashi babu agogo babu komai. Ta biyun kuwa ta taɓo wani tsoro da ke can ƙasan zuciyar masu bindiga da yawa a Amurka, wato kada wata rana gwamnati ta sami hanyar kashe bindigogin jama'a daga nesa, ko ta riƙa bin sawunsu. Kana iya cewa zargi ne ya yi yawa, amma mutanen da suka ɗauki gyara na biyu na tsarin mulkinsu, wanda ya ba su 'yancin mallakar bindiga, a matsayin garkuwa daga gwamnati ba za su ɗauke shi da wasa ba.

NRA da ƙungiyar masana'antar, NSSF, matsayinsu a rubuce shi ne ba sa adawa da ƙera fasahar ko sayar da ita, tilastawa kawai suke ƙi. Rabin gaskiya ke nan a wurina. A 2014 Weinberg ta fito ta ce za ta nemi a soke dokar in NRA ta yi alƙawarin daina tare wa fasahar hanya, ba su karɓi tayin ba. Kuma ƙaurace wa Colt da Smith & Wesson ya riga dokar New Jersey, saboda haka ba za a ɗora wa dokar komai ba. A ɗaya ɓangaren, ba za a ce tsoron tilas ƙage ba ne. Sanata Ed Markey ya gabatar da ƙudurin tilastawa a majalisar tarayya, kuma a manufofin yaƙin neman zaɓen Joe Biden na 2020 an rubuta burin cewa duk bindigar da za a sayar a Amurka ta zama mai gane mai ita. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani zai yi tsalle.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a cikin masu yaƙi da yaɗuwar bindiga ma akwai masu ƙin fasahar. Ƙungiyar Violence Policy Center ta daɗe tana cewa za ta sa gidajen da ba su da bindiga su saya suna ganin babu haɗari, alhali yawancin masu kashe kansu da bindigarsu ta halak suke yi, kuma mijin da ya harbe matarsa bindigar ta san shi sarai. Ga kuma bindigogi kimanin miliyan 393 da aka ƙiyasta suna hannun fararen hula a ƙasar tun 2017, waɗanda ba sa tsufa da wuri. Ko binciken ra'ayin jama'a ya danganta da wanda ya yi tambayar: na NSSF a 2013 ya sami kashi 14 cikin ɗari ne kawai za su saya, na masu bincike a jami'ar Johns Hopkins da aka buga a 2016 ya sami kashi 59.

New Jersey dai ta gane kurenta, amma a makare. Gwamna Chris Christie ya ƙi amincewa da gyaran da majalisa ta kai masa a 2016, sai a 2019 Phil Murphy ya sa hannu a sabuwar doka. An cire haramcin. Yanzu abin da ake buƙata shi ne, idan wani kwamiti ya amince da wani samfuri ya sa shi a jerin jihar, kowane shagon bindiga a New Jersey ya ajiye aƙalla guda ɗaya don sayarwa. Ya fi na da sauƙi nesa ba kusa ba, amma masu shaguna na cewa tilas ce dai har yanzu, an rage mata kaifi ne kawai: da kuɗinka za ka sayo kayan da ba ka zaɓa ba ka ajiye.

Wanda ya fi kowa koyon darasi daga wannan tarihi shi ne wani matashi ɗan jihar Colorado, Kai Kloepfer, wanda ya fara aikin tun yana ɗan sakandare bayan harbin da aka yi a gidan sinima na Aurora a 2012. Kamfaninsa Biofire ya bayyana bindigarsa a watan Afrilu na 2023, ya fara aika wa masu saye a 2024. Ya kauce wa kusan duk ramukan da Armatix ya faɗa. Harsashinta milimita 9 ne, wanda aka fi amfani da shi wajen kare kai. Ba agogo ba zobe, tana duba yatsa da fuska ne, kowanne ya riga tabbatarwa ta buɗe, kana sakinta ta kulle. Babu sandar ƙarfe tsakanin kunama da allura da maganaɗisu zai ja, lantarki ne ke isar da umarnin harbi. Farashin farko dala 1,499 ne, wanda har yanzu tsada ce, kuma a gwajin da aka yi wa kamfanin labarai na Reuters a makon bayyana ta samfurin ya ƙi tashi sau biyu, abin da masu suka ba su bari ya wuce ba. Saye kuwa ta intanet ake yi daga kamfanin, a aika wa dillali mai lasisi ya binciki tarihin mai saye ya miƙa masa, saboda haka babu mai shagon da zai ɗora ta a kan kantar shagonsa ya jawo wa kansa abin da ya sami Raymond. Game da New Jersey, Biofire ya fito fili ya ce yana adawa da kowace irin tilastawa, kuma ya sanar cewa ba zai miƙa bindigarsa don a sa ta a jerin jihar ba.